Ruwan da Kawu Barmo Ya Rage

Tudun Ila, ta Gangara
6 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Zuhaira, 'yar ƙanwata Radiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da aiki da zafin Tanut. Mu nan lafiya lau, sai dai zafi ya kai inda awaki ke bin jaki don su raɓa da inuwarsa.

Takardarki ta iso ta hannun Garba direba ranar kasuwa. Ta ɗan sha man gyaɗa a gefe, amma ta karantu. Kin tambaye ni abin da ya hana ni yi miki saƙon murya kamar kowa. Wayata a shagon caji take wuni, mai shagon kuwa Allah ya hore masa kunne da baki. Takarda ba ta magana sai an buɗe ta.

Abu biyu na fahimta a cikin zancenki. Na ɗaya, koperatif ɗin manoma ta ɗauke ki ki tsara mata yadda za a san lokacin ruwan shuka na kowane gari, don motar iri ta fara da waɗanda ruwansu ke saurin zuwa, ta ƙare da masu makara. Na biyu, lissafin ruwan saman da na shekara arba'in da biyu ina aunawa a bayan masallaci ina aika wa biro, wato ofishin gwamnati, da shi za a tuƙa wannan tuwo. Wannan ya yi mini daɗi. Na ɗauka gara ta gama da kayeyin nan, littattafan awona, tun tuni.

Na ukun ne ya shige mini duhu. Kin ce kin samu mataimaki wanda ba mutum ba, kuma kin yi kwana uku kina fama ki haɗa shi da wurin rubutunki. Wa ya haife shi? A ina yake zaune? Kuma wa ya ba shi izinin leƙa kayeyina? A gidanmu baƙo a zaure yake tsayawa. Ki yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa tsoho.

Ki gaida mahaifiyarki, ki ce mata gujiyar da ta aiko ta iso.

Kawunki,
Barmo


Tanut
14 ga Afrilu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Inna tana amsawa.

Ga bayanin. Wurin rubutuna sunansa edita, a cikin ordinatata yake, wato kwamfutata. Nan nake rubuta kod, wato umarnin da na'ura ke bi layi bayan layi. Mataimakin kuwa ƙirƙirarriyar basira ce, tana can cikin manyan na'urori a wata ƙasa, ta rezo, wato intanet, muke magana. Da can a zaure yake, kamar yadda ka ce. Sai in kwafi layi goma in kai masa, ya duba, in dawo da amsa in liƙa. Bai taɓa ganin aikin gaba ɗaya ba.

Yanzu na sa wa editan wani ƙari da ake kira ekstansiyon, wanda ya ba mataimakin wurin zama kusa da rubutuna. Na kuma rubuta wata ƙaramar sabar a kan ordinatata, ita ce 'yar aike tsakaninsa da kayana, kuma makullai a hannunta suke. Uku na ba shi: ya karanta kod ɗina, ya karanta lissafin ruwa na garuruwa goma sha ɗaya, ya gwada tsarin ya ga abin da ya fito. Makullin canza lamba ban ba shi ba. Kwana ukun da na yi ina fama, laifina ne. Na nuna wa ekstansiyon ɗin hanyar da ba ita ba, yana ta cewa bai ga sabar ba, ni kuma ina ta zagin rezo.

To, Kawu, ga abin da ya sa na yi saurin amsa maka. Ƙa'idar da muke bi ka fi ni saninta: ruwan shuka shi ne milimita ashirin cikin kwana ɗaya ko biyu. Garuruwa goma sun fito tsakanin ƙarshen Yuni da goma ga Yuli. Tudun Ila kaɗai ta fito ashirin da huɗu ga Yuli. Na ɗauka kuskure ne a kod ɗina, na ce ya nemo. Ya duba ya ce kod lafiya yake. Daga nan ya buɗe lissafin shekarun duka ya jera su, abin da ni ban taɓa yi ba. Ya ce daga 1985 zuwa 2003 babu ruwa ko ɗaya a farkon damina da ya kai ashirin a Tudun Ila. Sha bakwai, sha takwas, sha tara, haka suke ta zagayowa. A ranakun nan kuwa Rijiyar Mukhtar, da ke kilomita tara daga gare ku, tana rubuta ashirin da shida, talatin da ɗaya. Daga 2004 lissafinka ya dawo daidai da na maƙwabta. Ya tambaya ko ma'aunin yana yoyo a shekarun nan.

Idan lissafin ya tsaya haka, Tudun Ila ce ƙarshe a layin motar iri, sai tsakiyar Yuli. Ka san gidaje nawa ne suka cinye irinsu bana. Ruwan shuka zai same su hannu wofi.

Kawu, ma'aunin yana yoyo?

'Yarka,
Zuhaira


Tudun Ila
20 ga Afrilu

'Yata Zuhaira,

Sallama da gaisuwa. Na gode da bayani, na gane. Wato kin shigo da baƙo tsakar gida, kin riƙe makullin rumbu. To madalla.

Ma'auni bai taɓa yoyo ba. Gwangwanin nan ya ga sufurfe bakwai sun mulki yankin nan sun wuce, har yanzu ko tsatsa babu a gindinsa. Amma ki tambayi mataimakinki ko ya taɓa tsayawa a gona hadari yana tasowa. Ni da idona na ga ruwa ya jiƙa gonar Tata, matar marigayi liman, ya bar tawa a bushe, iyakar kamar an ja ta da sanda. Kilomita tara a ƙasarmu ta Damargu ba wasa ba ce. Gajimare ba ya bin hanyar mota. Rijiyar Mukhtar kuma a gangare take, mu muna kan tudu, sunan garin ma ya faɗa.

Sannan shekarun da ya ambata shekarun wahala ne. Ba a haife ki ba a farkonsu. Wanda ya gan su ba ya son a riƙa jera masa su kamar buhuna a tasha.

Garba ya ce zai yi Balbeji wannan makon, don haka amsarki za ta iya makara. Ba komai. Af, kafin in manta. Wannan magana ta sha bakwai da sha tara, ban da ke da mataimakin, akwai wanda ya gani?

Ki huta lafiya.

Kawunki,
Barmo


Tanut
3 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Takardarka ta yi kwana tara a aljihun Garba.

Na kai wa mataimakin hujjarka kamar yadda ka faɗa. Ya yarda ruwa yana tsallake gari shekara ɗaya ko biyu. Abin da ya ce bai san dalilinsa ba shi ne ruwan da zai yi shekara goma sha tara yana tsayawa daidai bakin ashirin. Bai zargi kowa ba, ya dai ce in tambayi mai aunawa.

Ka tambayi wanda ya gani. Alhaji Sabi'u, shugaban koperatif, ɗan marigayi Maigari Yahaya na garinku. Dole in nuna masa, shi ke sa hannu a layin mota. Yana ganin shekarun ya cire tabarau. Daga baya ya ce in ba mataimakin makulli na huɗu, ya cike wuraren da lambobin Rijiyar Mukhtar, a wuce wurin, ba wanda zai sani. Da na ƙi, sai ya ce to a bar lissafin yadda yake, Tudun Ila ta jira.

Abin da ya ce mai sauƙi ne, layi ɗaya zan ƙara a sabar. Amma kai ka koya mini ƙiyasi daban, awo daban. Ranar da na bar shi ya ƙirƙiro lamba a garinku, ban san yadda zan hana a yi haka a sauran goman ba. Dokar porje, wato shirin da muke aiki a ƙarƙashinsa, kuma a fili take: ba a canza lamba sai mai aunawa ya kawo asalin rubutunsa, ya yi bayani a gaban taron reshen garinsa, an sa hannu. Taron Tudun Ila ranar biyu ga Yuni ne, ranar goma ake rufe layin mota.

Ba zan ba da makullin ba, kuma ba zan sa ku a ƙarshen layi ina kallo ba. Hanya ta uku a wurinka take. Inna ta ce kana da wata gafaka da ko ita ba ta taɓa ganin cikinta ba.

Ka yafe mini idan na wuce iyaka.

'Yarka,
Zuhaira


Tudun Ila
11 ga Mayu

Zuhaira,

Assalamu alaikum. Ba ki wuce iyaka ba. Radiya ce dai tun tana yarinya ba ta iya ganin abu a rataye ta yi shiru.

Zauna ki ji. Bayan farin 1984 garin nan ya koma rabi. Shekarar da ta biyo ruwa ya zo da kyau a ƙarshen Yuni, talatin da huɗu, na auna na aika. Aka shuka, hatsi ya tashi, sai fara ta sauka a Agusta ta bar mana kara. Da aka zo rabon taimako, ba mu cikin garuruwan da za a ba. Na tafi biro da ƙafata. Wani komi, wato akawu, ya buɗe kayena a gabana, ya nuna mini rubutuna, ya ce garin da ya samu talatin da huɗu a Yuni ba ya cikin masu yunwa. A ranin nan muka binne yara goma sha ɗaya. Biyu nawa ne.

Da bazara ta yi, Maigari Yahaya ya kira ni, da liman da dattawa huɗu, a ɗakinsa na soro. Ba wanda ya ce in yi ƙarya. Maigari ya ce ne kawai, "Barmo, alƙalaminka yana da nauyi. Ka sassauta masa." Na gane. Biro kan duba ranar da ruwa ya fara kai ashirin, idan ta makara sai a sa gari cikin masu rauni. To duk ruwan farko da ya haura ashirin, sai in sauke shi ƙasa da ita kaɗan. Har na 1985 ɗin, da aka nemi in sake kwafe kayen don ruwa ya taɓa shi, na gyara. Shekara goma sha tara ina yi. A cikinsu sau bakwai jar dawa ta taimako ta zo garin nan. Da Maigari ya rasu, aka kuma canza yadda ake rabon, na daina.

Amma hannuna bai yarda ya zubar da gaskiyar ba. Duk safiyar da na rage wa biro, sai in dawo in rubuta ainihin awon da ajami a falle, in sa a gafaka. Ban san wa nake ajiye wa ba. Ashe wani baƙo nake jira wanda ba ya da uwa ba ya da uba, ya zo ya ƙirga mini sha tara-tara.

Mu bakwai ne a ɗakin nan, ni kaɗai na rage. Na yi kwana uku ina juya maganar. Mutanen garin nan Malam Barmo mai ruwa suke ce mini, in aka yi gardamar shekara ni ake kira in raba. Wannan suna ina sonsa, ba zan ɓoye miki ba. Amma jiya na bi gida-gida kamar mai yawon gaisuwa, na ƙirga gidaje sittin da uku da ba su da ko tiya ɗaya ta iri. Na rage ruwa don a ci. Ba zan bar ragin nan ya hana shuka ba.

Na fara mayar da fallayen ajamin zuwa boko, shekara biyu a wuni, in idona ya yarda. Ranar taro zan tashi. Ki riƙe makullinki.

Kawunki,
Barmo


Tanut
19 ga Mayu

Zuwa ga Malam Barmo,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan alheri.

Labari ya iso mini cewa kana shirin magana a taron biyu ga wata. Baba, ina roƙonka ka duba. Waɗanda abin ya shafa suna kabari, ba za su iya kare kansu ba. Mahaifina ya yi wa garin nan hidima shekara talatin. Idan maganar ta fita, sauran garuruwa za su ce Tudun Ila ta ci rabonsu, kuma porje za ta karɓe ma'auni daga hannunka, doka ce, ba ni da ikon hanawa.

Akwai hanya mai sauƙi, na faɗa wa Zuhaira. Na'ura za ta iya gyarawa cikin minti ɗaya. Kai kaɗai take jin maganarka. Ka yi mata magana.

Ka huta lafiya.

Alhaji Sabi'u Yahaya
Shugaban Koperatif


Tudun Ila
23 ga Mayu

Sabi'u ɗana,

Na amsa gaisuwa. Na ga takardarka da hatiminta.

Ranar sunanka ni na riƙe ƙafar ragon, don haka bari in yi maka magana kai tsaye. Ba zan kira sunan kowa ba. Hannu ɗaya ne ya riƙe alƙalami, yana nan a jikina. Na'ura kuwa ba ta kasance a bayan masallaci da safe ba, ba ta san abin da ya sauka ba. Ni na sani, kuma yana rubuce. Ma'auni in an karɓa an karɓa, dama hawa dutsen nan don in leƙa shi ya fara damun gwiwata.

Ka zo da alƙalamin sa hannu.

Barmo


Tudun Ila
3 ga Yuni

'Yata Zuhaira,

Sallama. Ga gafaka, ga kaye sabo na boko, ga takardar taro da sa hannu. Na ce wa Garba idan ya bar su suka kwana a aljihunsa, ni da shi ne har gaban alƙali.

An yi taro jiya bayan la'asar a gindin gawon kasuwa. Mutane sun cika, don an ji Barmo zai yi magana, an ɗauka hasashen damina zan bayar. Na tashi na faɗi abin da na faɗa miki, ban da ɗakin soro. Na karanta shekara ɗaya don su ji: abin da na aika sha takwas, abin da ya sauka ashirin da tara. Wani daga cikin masu dawowa daga ci-rani ya ce ashe shekara da shekaru maƙaryaci ake kira ya raba gardama. Wasu suka yi dariya. Bai faɗi abin da ba haka ba.

Sai Tata ta dogara sandarta ta miƙe. Kin san ta, shekarunta sun fi tamanin, ba ta taɓa magana a taro ba. Ta ce, "Wanda uwarsa ba ta dafa jar dawar nan ba, ya ɗaga hannu in gan shi." Ta tsaya tana dubawa, layi-layi, kamar mai neman akuyarta a garke. Ba hannun da ya tashi. Ta juya wajen mai maganar ta ce, "Kai ma da ita aka yaye ka." Ta zauna.

Sabi'u ya karanta dokar porje. Aka karɓi ma'auni aka ba direktan lakwal, shugaban makarantar boko. Ya sa hannu bai dube ni ba, ya shiga mota kafin magariba. Yau da safe na kai direkta bayan masallaci na nuna masa yadda ake karanta layin ruwa, ido daidai da bakinsa, ba daga sama ba. Mutumin kirki ne, sai dai yana da gaggawa.

Saura naki. Ki ba baƙonki ya karanta.

Kawunki,
Barmo


Tanut
9 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso cikakke, Garba da kansa ya kawo har biro.

Kwana huɗu na yi ina shigar da lambobin da hannuna. Ban goge tsofaffin ba, na ajiye sababbin a gefensu tare da hoton kowane falle da takardar taro. Sannan na ƙara wa sabar makulli ɗaya, na karanta wannan sabon wurin. Mataimakin ya jera su da na maƙwabta ya ce yanzu suna tafiya tare. Abu ɗaya ya tsayar da shi: a 1991 ka rubuta ruwa ranar talatin da ɗaya ga Yuni. Na duba fallen ajami da Inna, ashe ɗaya ga Yuli ne, wurin kwafa ka zame.

Tudun Ila ta fito uku ga Yuli. Ku ne na huɗu a layi. Motar iri za ta iso muku ranar sha bakwai ga wannan wata. Alhaji Sabi'u ya sa hannu ɗazu.

Inna ta karanta takardarka ta Mayu. Ta ce ba ta taɓa sanin dalilin da ya sa ka daina ambaton sunan yaranka biyun nan ba. Tana gaishe ka.

'Yarka,
Zuhaira


Tudun Ila
2 ga Yuli

'Yata,

Sallama. Iri ya iso a ranarsa, an raba. Shekaranjiya da hantsi hadari ya haɗu daga gabas, aka yi ruwa har la'asar. Direkta ya ce ashirin da bakwai. Ni na tona gonata da hannu, laima ta wuce wuyan hannu.

Jiya duk gari yana gona. Sabi'u ya zo daga Tanut, ya cire babbar riga ya ɗauki sungumi a gonar ubansa, wadda ke iyaka da tawa. Bai gaishe ni ba, ni ma ban matsa masa ba. Muka yi ta shuka har azahar, shi daga gabas, ni daga yamma.

Ki gaida Radiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Kawunki,
Barmo